Taura biyu a baki ɗaya: yadda ake haɗa atisayen gudu da na tseren keke

Shekara uku da suka wuce na jawo wa kaina ciwo da hannuna. A lokacin na shekara biyar ina hawa keke tare da wasu abokai a nan Garwa. Kowace Lahadi da asuba mukan kama hanyar Ngong, mu yi kilomita 70 ko 80 kafin rana ta buɗe. Sai aka sanar da wata gasar gudu ta kilomita 21, saura mako shida. Na ce a raina, wanda yake yin awa uku a kan sirdi ai gudun awa biyu ba zai gagare shi ba. Na sayi takalmi, na shiga gudu sau huɗu a mako, keken kuma ban rage komai ba. Numfashi bai taɓa ba ni matsala ba. A mako na huɗu ƙwaurina na dama ya fara ciwo, a na biyar ko matakalar aji ba na hawa sai da ɗingishi. Ranar gasar a bakin hanya na tsaya ina tafa wa wasu, keken ma sai da na jingine shi kusan wata guda.

Tun daga nan na lura ba ni kaɗai ba ne. A garuruwanmu, daga Yamai zuwa Wagadugu, daga Marwa zuwa Njamena, matasa da dama suna hawa keke tare da ƙungiya a ƙarshen mako, kuma suna sha'awar shiga gasar gudu idan ta zo. Wasu kuma masu gudu ne da gwiwa ta fara damu, aka ba su shawarar keke. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A wannan fage tana taunuwa, amma da sharaɗi: mutum ya san abin da wasannin biyu suka haɗa da abin da ya raba su, kuma ya yarda cewa jiki ɗaya ne yake biyan bashin duka biyun.

Zuciya ɗaya ce, aikin ƙafa ne ya bambanta

Gudu mai nisa da tuƙa keke mai nisa duk aikin juriya ne. Zuciya ce ke tura jini, huhu ya shigar da iska, jini ya kai ta ga tsoka. Idan mutum ya daɗe yana atisaye, zuciyarsa takan tura jini mai yawa a bugu ɗaya, yawan jininsa ya ƙaru, bugun zuciyarsa a lokacin hutu ya ragu. Zuciya ba ta tambaya ko feda ake takawa ko ƙasa. Abin da ta samu a keke za ta kai shi fagen gudu, abin da ta samu a gudu za ta kai shi kan keke. Wannan ita ce ribar haɗa su.

Ƙafa kuwa labarinta daban. A kan keke, sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, ƙafa tana juyawa ne kawai a da'ira, tsokar cinya tana turawa ba tare da ta daki komai ba. A gudu, duk taku ɗaya ƙafa takan karɓi nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Mai gudu yana yin taku wajen 160 zuwa 180 a minti ɗaya, wato kusan taku 10,000 a awa. Ƙari ga haka, lokacin da ƙafa ta sauka, tsoka tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyi, kamar birki. Irin wannan aiki shi ne ke yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, shi ya sa jiki ke yin tsami kwana ɗaya ko biyu bayan gudu mai tsawo, musamman idan akwai gangara. Masu shiga tseren Dutsen Kamaru a Buya, wanda aka fara a 1973, sun san wannan: hawa dutsen da ya haura mita 4,000 wahalar numfashi ce, amma saukowar ce ke cin cinya.

Wani abu kuma shi ne, sassan jiki ba sa ƙarfafa a lokaci ɗaya. Zuciya da tsoka sukan nuna canji cikin makonni kaɗan. Ƙashi da jijiyoyi, irin su agara da jijiyar tafin ƙafa, sai sun ɗauki watanni. Mai keke da ya shiga gudu tamkar an ɗora injin babbar mota ne a kan tayoyin ƙaramar mota. Injin zai ja, tayoyin ne za su fashe. Abin da ya same ni ke nan. Bincike ya kuma nuna cewa waɗanda suka shekara da shekaru ba su da wani wasa sai keke sukan kasance da ƙashi marar ƙwari idan aka kwatanta su da masu gudu, domin ƙashi sai yana jin duka yake ƙara ƙarfi.

Mutum biyu da suka bi hanyar, kowa ta nasa ɓangaren

A watan Nuwamba na 2006, Lance Armstrong, Ba'amurken da ya zo na ɗaya sau bakwai a tseren Tour de France kafin a ƙwace nasarorin a 2012 saboda amfani da haramtattun magunguna, ya shiga gudun famfalaki na birnin Niyok, mai kilomita 42 da mita 195. Ya gama cikin awa 2 da minti 59 da daƙiƙa 36, saura ƙiris ya cika awa uku. Shi da kansa ya bayyana cewa bai taɓa yin aikin jiki mai wahalar wannan ba. Bayan gasar aka gano ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Numfashinsa ya fi na kusan duk wanda ya yi gudun ranar, amma ƙafarsa ba ta yi shirin dukan kwalta ba.

Michael Woods, ɗan ƙasar Kanada, shi daga gudu ya taho. A 2005, bai kai shekara 20 ba, ya riga ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Sai tsagewar ƙashi a ƙafa ta yi ta dawo masa har ta raba shi da fagen. Ya fara hawa keke ne don kada ƙarfinsa ya zube. A 2018 ya zo na uku a gasar keke ta duniya, a 2023 kuma ya lashe zango na tara na Tour de France a kan dutsen Puy de Dôme.

Darasin da ke cikin labaran biyu shi ne, sauka daga gudu zuwa keke ya fi sauƙi ga jiki a kan tashi daga keke zuwa gudu. Mai gudu da ya hau keke zai ji cinyarsa tana zafi, duwawunsa da wuyansa su yi ciwo na ɗan lokaci, amma ba kasafai yake jin rauni mai tsanani ba in dai keken ya dace da tsayinsa. Mai keke da ya shiga gudu shi ne ke bukatar haƙuri.

A kowane lokaci, ɗaya babba ɗaya ƙarami

Kuskuren farko shi ne ɗaukar jadawalin mai gudu cikakke da jadawalin mai keke cikakke a haɗa su a mako ɗaya. Wanda yake da aiki, ko shago, ko makaranta, da iyali, da ƙyar yake samun awa shida zuwa takwas a mako. Ko da lokacin ya samu, jiki ba zai iya warkewa daga duka biyun ba.

Mafita ita ce a raba shekara. Ka ɗauki kalanda, ka sa alama a kan gasa biyu da suka fi maka muhimmanci, ɗaya ta gudu ɗaya ta keke. Mako goma zuwa sha biyu kafin kowace gasa, wasan da za a yi gasar a kansa shi ne babba: ya ɗauki wajen kashi biyu cikin uku na lokacinka, kuma ranakun wahala su zama nasa. Ɗayan ya koma ƙarami, sau biyu a mako, don kada a manta shi. Idan gasar ta wuce, a huta, sannan a juya. Zai fi kyau a bar aƙalla mako shida zuwa takwas tsakanin manyan gasa biyu. In kuwa sun matso kusa da juna kuma kana da zaɓi, ka fara da ta keke, domin jiki ya fi saurin murmurewa daga ita.

Mutane da yawa suna tsoron cewa idan suka rage wasa ɗaya ƙarfinsu zai zube. A 1981 wani masani Ba'amurke, Robert Hickson, ya wallafa sakamakon gwajin da ya shafi wannan. An sa matasa atisayen keke da gudu na minti 40 a rana, kwana shida a mako, har mako goma. Daga nan aka rage wa wasu zuwa kwana huɗu, wasu kwana biyu kacal, amma ba a rage zafin atisayen ba. Bayan mako 15, ƙarfin jikinsu na amfani da iska bai sauka ba. Gina ƙarfi ne ke da tsada, riƙe shi kuwa da sauƙi. A yanayinmu ma abin ya fi haka sauƙi, tunda babban wasan yana ci gaba da ciyar da zuciya.

Ranakun wahala a haɗe ake ƙirga su

Stephen Seiler, masanin da ke koyarwa a ƙasar Norwe, ya daɗe yana nazarin yadda manyan ƴan wasan juriya ke atisaye. Abin da ya gano, wanda yanzu ya bazu a tsakanin masu horarwa, shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, kashi 20 ne kawai mai zafi. Mu kuwa da muke yin abin don sha'awa mukan yi akasin haka. Kowace fita sai ta koma tsere, musamman idan an fita da abokai, ba wanda yake so a bar shi a baya.

Ba sai da agogo mai tsada ake gane sauƙi da zafi ba. Idan kana iya hira da na kusa da kai da cikakkun jimloli, kana cikin sauƙi. Idan sai kalma uku ko huɗu kake iya fitarwa kafin ka ja numfashi, ka shiga tsaka-tsaki. Idan magana ta gagara sai haki, wannan zafi ne. Mai agogon da ke auna bugun zuciya ya sani cewa yawancin mutane bugunsu a kan keke yakan yi ƙasa da na gudu da kamar biyar zuwa goma, ko da wahalar da suke ji ɗaya ce. Saboda haka kada a ɗauki lissafin gudu a ɗora wa keke.

Ƙa'idar da ta fi kowacce amfani ita ce wannan: ranakun wahala biyu a mako, in an daɗe ana yi uku, kuma a ƙirga na gudu da na keke a haɗe. Doguwar fita ma wahala ce, ko da a hankali aka yi ta. Tsakanin ranar wahala da wata a bar kamar awa 48. Wanda ya yi gudu mai zafi ranar Talata, ya hau tudu da keke ranar Laraba yana cewa ai wasa daban ne, ya yaudari kansa. Cinyar ɗaya ce, barcin da zai gyara ta ɗaya ne, abincin ma ɗaya ne.

Yadda mako zai iya kasancewa

Ga misali ga wanda ya riga ya saba da wasannin biyu, yake shirin gudun kilomita 21:

- Litinin: hutu.
- Talata: gudu mai zafi. Sassarfa ta minti 15 don jiki ya ɗumama, sannan minti 4 da ƙarfi sau biyar, da sassarfar minti 2 a tsakani.
- Laraba: keke a hankali, awa ɗaya, a kan giya marar nauyi.
- Alhamis: gudu mai sauƙi, minti 40.
- Juma'a: hutu, ko minti 20 na ƙarfafa ƙafa.
- Asabar: dogon gudu, daga minti 70 yana ƙaruwa a hankali har zuwa minti 100 ko 110.
- Lahadi: keke tare da ƙungiya, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, amma a zauna a baya, ban da tsere.

Idan kuma tseren keke na kilomita 100 ne a gaba:

- Litinin: hutu.
- Talata: keke mai zafi. Ɗumama jiki minti 20, sannan minti 8 da ƙarfi sau huɗu, da minti 4 na juya feda a hankali a tsakani.
- Laraba: gudu mai sauƙi, minti 30.
- Alhamis: keke a hankali, minti 75.
- Juma'a: hutu, ko ƙarfafa ƙafa.
- Asabar: gudu mai sauƙi, minti 40.
- Lahadi: doguwar tafiya a keke, awa uku zuwa huɗu.

Sau ɗaya cikin mako biyu ko uku, a ba ƙaramin wasan zafin ranar Talata, don shi ma ya riƙe kaifinsa. Kowane mako na huɗu a rage komai da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ranakun ba dole ne su zauna yadda na jera su ba. Ɗan kasuwar da ranar kasuwarsa take Asabar sai ya matsar da su. Abin kiyayewa kawai shi ne kada wahala ta bi wahala.

Ƙarfafa ƙafar da na ambata ba ta bukatar ɗakin ƙarfe. Tsugunnawa da tashi, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗage diddige a bakin matakala, da kifewa a kan gwiwar hannu a riƙe jiki a miƙe na rabin minti, sun wadatar. Sau biyu a mako a lokacin da gasa take nesa, sau ɗaya idan ta matso.

Ga wanda zai fara wasan na biyu

Mai keke da bai taɓa gudu ba ya fara da minti 20, sau biyu ko uku a mako, yana haɗa gudu da tafiya: minti biyu yana sassarfa, minti ɗaya yana tafiya. Zai ji kamar wasan yara ne, domin numfashinsa bai ko motsa ba. Ya daure. Ya nemi filin ƙwallo ko hanyar burji maimakon kwalta, kada ya yi gudu kwana biyu a jere a wata biyun farko, kuma kada ya ƙara fiye da kamar kashi goma cikin ɗari a mako. Kafin ya sa sunansa a gasar kilomita 21 ya ba kansa wata huɗu zuwa shida. Sauri ya haifi nawa, ni shaida ne.

Mai gudu da zai hau keke, abu na farko shi ne tsayin sirdi. Ya zauna, ya ɗora diddige a kan feda lokacin da take ƙasa: ƙafar ta miƙe sak. Idan ya mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne ke jawo ciwon gaban gwiwa. Abu na biyu, ya guji giya mai nauyi. Masu gudu suna son jin suna turawa da ƙarfi, alhali abin da ake so shi ne feda ta riƙa zagayawa sau 80 zuwa 90 a minti. Na uku, ya koyi tafiya cikin ayari, da birki, da kwana, kafin ya shiga tsere. Wanda ya kalli Tour du Faso, da ake yi a Burkina Faso tun 1987, ya ga yadda mahaya ke lafewa a bayan juna. Iska suke gujewa, domin na baya yakan tsimi ƙarfi mai yawa. Wannan dabara ce da ƙarfin huhu ba ya sayen ta. Hular kwano kuwa ba abin tattaunawa ba ce a hanyoyinmu da manyan motoci da babura da dabbobi ke bi tare.

Akan tambaye ni kilomita nawa na keke ne daidai da kilomita ɗaya na gudu. Babu amsa guda, domin iska da tudu da irin keken suna canza lissafin. Ya fi a yi lissafi da lokaci da kuma wahalar da aka ji. A tuna kawai cewa awa ɗaya ta gudu ta fi awa ɗaya ta keke cin jiki nesa ba kusa ba.

Idan gasar ta haɗa su a rana ɗaya

Akwai gasar da ake kira duwatlon, inda ake gudu, a hau keke, a sake gudu ba tare da hutu ba. Wadda aka fi sani ita ce kilomita 10 na gudu, 40 na keke, sannan 5 na gudu. Ƙaramarta rabin wannan ce: 5, 20, da 2.5. A garin Zofingen na ƙasar Suwizalan kuwa akwai doguwa mai kilomita 10, 150, da 30. Duk wanda ya taɓa sauka daga keke ya fara gudu nan take ya san yadda ƙafa ke yin nauyi kamar ba tasa ba. Jiki ne bai gama sauyawa daga juya feda zuwa taku ba. Maganinsa sabo ne: sau ɗaya a mako, bayan keke na awa ɗaya, a canza takalmi a yi sassarfar minti 10 zuwa 15. Ranar gasar kuma kada a ƙarar da ƙarfi a gudun farko, kuma a ƴan kilomitocin ƙarshe na keke a sauko zuwa giya marar nauyi.

Zafi, ƙura da abinci

Yawancin jadawalin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don ƙasashen sanyi. A Garwa, Njamena ko Yamai, zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi mutum na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa. Keke ya fi sauƙi a zafi domin iska tana busar da gumi kuma ana iya ɗaukar gora biyu, sai dai wannan busarwar ce ke sa mahayi bai san yawan ruwan da ya rasa ba. Saboda haka bazara ta fi dacewa da keke da sassafe da gudu gajere, manyan atisayen gudu kuma a kai su lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ranar da hazo ya yi kauri a hunturu a bar atisaye mai zafi, musamman mai asma.

Hanya mai sauƙi ta sanin ruwan da kake rasawa ita ce hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Idan raguwar ta wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinka, ba ka sha isasshe ba. Idan nauyin ƙaruwa ya yi, ka sha fiye da kima, wannan ma yana da haɗari domin yana rage gishirin jini. A fitar da ta wuce awa ɗaya da rabi, a sa ɗan gishiri da sukari a gora guda, irin haɗin da aka sani: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, kuma yana iya ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. A doguwar fita ana bukatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya madaidaiciya tana da wajen giram 25, dabino biyar ko shida wajen 30. Bayan an dawo, kada a daɗe ba a ci ba. Fura da nono, shinkafa da wake, kunu da ƙosai, dankali da ƙwai, duk sun haɗa abin da tsoka ke nema. Mai haɗa wasa biyu yakan ci ƙasa da bukatarsa bai sani ba, kuma ƙarancin abinci na daga cikin abubuwan da ke raunana ƙashi.

A watan azumi, mai azumi ya mayar da burinsa riƙe abin da ya gina. Ya rage tsawon atisaye, ya yi mai sauƙi na rabin awa dab da shan ruwa, mai ɗan zafi kuma awa biyu ko uku bayan buɗa baki. Doguwar fita da rana a bar ta sai bayan salla.

Jiki magayi

Tsamin jiki da ke ɓangarori biyu, wanda ke raguwa idan an fara motsi, ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yake ƙaruwa idan kana gudu, har ka ji shi kana tafiya ko da dare, wannan a tsaya a ga likita. A nan ne keke ke da rana: sau da yawa ana iya ci gaba da shi yayin da ƙafa ke warkewa, in dai ba ya tayar da ciwon kuma likita ya amince.

Ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura wanda ka saba da biyar zuwa goma kwana biyu ko uku a jere, ga rashin barci, ga saurin fushi, ga ƙafa da nauyi, jiki hutu yake nema. Mai zazzaɓi kada ya yi atisaye ko kaɗan. Bayan zazzaɓin cizon sauro a gama magani, a koma sannu a hankali, domin cutar tana rage jini. Wanda ya san jininsa AS ne yana iya wasa kamar kowa, amma ya fi kowa bukatar kiyaye zafi da ƙishirwa, kada kuma ya matsa wa kansa idan jiki ya ƙi. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yana motsa jiki, ya je a duba shi kafin ya fara.

Sai batun ƙwayoyi. Taramol da wasu matasa ke sha don su daure gajiya, hukumar keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma saboda shi aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a Tour de France na 2022. Daga farkon 2024 haramcin ya shafi duk wasanni a lokacin gasa. Yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kawo jiri a kan keke, yana kuma kama mai shan sa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma, shan su kafin doguwar fita cikin zafi yana iya taɓa ƙoda.

Idan gasa ta matso

Kwana bakwai zuwa sha huɗu kafin gasa, a rage yawan atisaye da kusan rabi, a bar ɗan zafi kaɗan don ƙafa ta kasance a farke. Ƙaramin wasan shi ne farkon wanda za a rage. Idan tseren keke ne a gaba, a daina gudu kwana huɗu ko biyar kafin ranar. Idan gudu ne, keke mai sauƙi na rabin awa ba ya cutarwa. Ranar gasa ba ranar gwada sabon takalmi, sabon sirdi ko sabon abinci ba ce. Bayan gudun kilomita 21 a ba ƙafa mako ɗaya zuwa biyu, bayan na kilomita 42 kuwa mako uku zuwa huɗu, kuma juya feda a hankali na daga cikin abubuwan da suka fi taimakawa a wannan lokaci.

Shekarar da ta biyo bayan ciwon ƙwaurina na sake gwadawa. Na fara gudu tun watan Yuli, minti 20 da tafiya a tsakani, ɗalibaina suna ganina a filin makaranta suna dariya. Daga Oktoba na mayar da gudu babba, ranar Lahadi kuma na koma ƙarshen ayari, abokai suna tsokanata wai tsufa ya zo. A Janairu na gama kilomita 21 cikin awa biyu da ƴan mintoci, ba tare da ɗingishi ba. Mako biyu bayan nan na koma hanyar Ngong, kuma kafin ƙarshen Fabrairu na dawo cikin na gaba.